Gidan gado a Zango za a sayar: me za a gyara, me za a bar wa mai saye?

Ɗan Zango:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da harkar gidaje a nan Damagaram. Gidan gado ne a Zango, magada sun amince a sayar a raba kuɗi. Fegin mita 15 ne a kan 20. Akwai zaure da ɗaki biyar, uku ginin ƙasa da rufin azara, biyu na siminti da rufin kwano. Akwai famfo, akwai wuta, akwai masai da makewayi. Lalacewar da ido ke gani ita ce: ɗaya daga ɗakunan kwanon yana yoyo, katangar gabas ta tsage tun daga kusurwar taga, gindin katangar da ke jikin makewayi kuma ya fara zubewa yana fitar da farin gari. An ware jika 500, wato sefa dubu 500, don gyara. Wasu cikin ƴan'uwa sun ce a yi fenti a sa karo, wato tayil, a tsakar gida, wasu sun ce kada a taɓa komai, a sayar da shi yadda yake. Da me ya kamata a fara?

Dillalin Dole:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi siminti ko buhu ɗaya, ɗauko takardun gidan ka shimfiɗa a gabanka. Mai saye yakan yafe tsaga, ya rage kuɗi ya wuce. Takardar da ba ta daidaita ba kuwa, ko ya ba da kafin alƙalami sai ya dawo ya karɓi abinsa.

A unguwannin da aka yi rabon fegi, abin da yawancin gidaje ke da shi shi ne akt di sesiyon, wato takardar mallakar fegi ta meri, ofishin magajin gari. Ka duba sunan da ke jiki, da lambar ilo, wato rukunin fegin da gidan ke ciki, da lambar fegi, da faɗin filin. In sunan marigayi ne, da sauƙi. In kuwa sunan wanda ya sayar wa marigayi ne, ba a taɓa juya suna ba, to sai kun nemo takardar wancan cinikin da shaidunta, ku je ofishin filaye na meri a daidaita tun yanzu. Tsofaffin gidaje da yawa a Birni da Zango sun girmi rabon fegi, shaidarsu mai unguwa ne da maƙwabta da dattawa. Irin wannan daga wurin mai unguwa ake farawa, a sami shaida a rubuce, sannan a nufi hukuma. Wanda ke da titir fonsiye, wato cikakkiyar takardar mallakar ƙasa ta gwamnati, ya fi kowa ƙarfi a ciniki, don banki na karɓarsa jingina, kuma shi masu manyan kuɗi ke fara tambaya.

Ku kira mai awon fili ya auna. Gidajen da suka daɗe sau da yawa katangarsu ta ci hanya da rabin mita, ko wani ɗaki ya shiga na maƙwabci, ko kuma akasin haka. Gara ku sani kafin mai saye ya zo da nasa mai awon. Ku haɗa rasit na ƙarshe na kamfanin wuta NIGELEC da na ruwa da na harajin gida wuri ɗaya, a biya duk bashin da ke kai.

Batun karo kuwa, ban goyi baya ba. Ka tambayi kanka wa zai sayi gida a Zango. Akwai wanda zai shiga da iyalinsa. Akwai ɗan kasuwa da wurin kawai yake so saboda kusancinsa da kasuwa, wanda zai rushe ɗakunan ƙasar ya yi shaguna ko bene. Akwai mai neman gidan haya don ma'aikata ko ɗaliban Jami'ar André Salifou. Cikin ukun nan babu wanda zai ƙara maka kuɗin karon da ka shimfiɗa, na biyun ma a mako na farko zai fasa shi. Abin da dukkansu ke tsoro iri ɗaya ne: rigimar takarda, rufi mai yoyo, rashin ruwa, da masai da ya cika. Can za ku kai kuɗinku.

Sannan ku tsayar da kuɗi ɗaya, ku ba dillali ɗaya ko biyu, a yanke la'ada a gaban shaidu tun farko, a kuma faɗi wanda zai biya ta. In gida ya shiga hannun dillalai bakwai, kowa ya ɗora nasa a kai, mai saye zai ji farashi huɗu a rana ɗaya, ya ɗauka akwai abin da ake ɓoyewa. Da haka gida ke yin kwantai.

Maginin Birni:

Na yarda da Alhaji dillali a kan takardu da karo. Bari in ɗauki ginin daga sama zuwa ƙasa, don haka ake gyara. Wanda ya yi fenti kafin ya toshe rufi, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fara.

Rufin kwano ba kasafai yake yoyo a tsakiyar falle ba. Wuraren da za ka duba su ne bakin ƙusa, inda falle ya hau falle, da inda kwano ya shiga cikin katanga. Iskar hadari tana girgiza kwano har ƙusa ta yi sako-sako, robar da ke wuyanta kuma rana ta cinye ta. A cire irin waɗannan a sa sababbi masu roba, a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Inda falle ya hau falle ta tsawo, hawan kada ya gaza santimita 15 zuwa 20, ta gefe kuma tudu ɗaya da rabi. In an yi rowar kwano lokacin gini hawan ya yi kaɗan, iska na tura ruwa ya koma baya ya shiga. Inda kwano ya shige katanga, yaɓen wurin yakan tsage saboda kwano na miƙewa da zafi yana komawa da sanyi. A fasa a sake. Bayan an gama, mutum ɗaya ya hau da bokitin ruwa yana zubawa daga ƙasa zuwa sama, wani yana ciki yana kallo. Sai an tabbatar ya daina sannan a canza allon filafon, wato silin, da ya yi taswira.

Rufin ƙasa kuma, hau ka taka shi da ƙafa. Duk inda ya lotsa, nan ruwa ke kwanciya. A cike, a daɓe, a ba shi gangara zuwa indararo. A zazzage indararon, don tsuntsaye da leda na toshe shi, kuma ya fito daga katanga da aƙalla rabin mita, in ba haka ba ruwan da ya kwaso a gindin katangar zai zuba. Daga ciki ka ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya da guduma. Mai lafiya ƙararta a cike take, wadda gara ta ci za ka ji ta fanko. Ka fi mai da hankali ga bakin da ya shiga katanga, ka soka ƙusa mai tsawo a wurin. In ta nutse ba wuya, wannan azarar ta tashi aiki. Ka duba gimshiƙan ƙofa da na taga ko akwai hanyar gara ta jar ƙasa.

Tsagar nan ta katangar gabas ita ce nake so ka yi wa haƙuri. A ƙasarmu ruwan damina daga gabas yake bugowa, shi ya sa katangar gabas ke riga sauran tsufa. Amma tsagar da ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace tana iya zama alamar tushe ya zauna ta gefe ɗaya. Kada ka toshe ta tukuna. Ka kwaɓa siminti kaɗan ka manna siriri a gicciye a kan tsagar, wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka bar shi mako huɗu. In mannin bai fashe ba, tsagar ta tsaya. In katangar ta siminti ce, sai a buɗe bakinta da kurfi zurfin santimita 2, a share ƙura, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku. In tsinken ashana na shiga cikinta, a shimfiɗa ragar waya ta haye santimita 15 kowane gefe kafin yaɓe. In kuwa mannin ya fashe, katanga na tafiya, kuma yaɓe ba zai tsayar da ita ba. Sai a haƙa gindinta a ga abin da ke jiƙa tushen, ko kwata ce ko bututun da ya fashe ko tsohon rami.

Farin garin da ke gindin katangar makewayi gishirin ƙasa ne. Ruwan wanka na shiga ƙasa, katanga na tsotsarsa, in ya bushe ya bar gishiri yana cin yaɓe. Fara da hana ruwan: a daɓe makewayin da siminti da gangara zuwa kwata, kwatar kuma a sa mata bututu ta fita nesa da katanga. Sannan a kankare yaɓen har santimita 30 sama da inda damshi ya tsaya, a bar shi a buɗe mako biyu zuwa uku, a goge gishirin da buroshi a bushe. Kada a wanke da ruwa, zai narke ya koma ciki. Bayan sabon yaɓe a yi ɗan dakali mai faɗin rabin mita a gindin, ya gangara waje. Kada a sa fentin mai a wannan wuri, kumbura zai yi ya ɓare.

Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne shafa siminti kai tsaye a kan katangar ƙasa don ta yi kyau a ido. Ƙasa da siminti ba sa riƙe juna. Ruwa na shiga ta ƙaramar tsaga ya maƙale a baya, ƙasar ta jiƙe ba ta samun hanyar bushewa, wata rana yaɓen ya faɗo falle guda da rabin katangar a jikinsa. Ginin ƙasa yaɓen ƙasa yake so: jar ƙasa da ciyawa a kwaɓa a bar ta ta kwana kwanaki ta ruɓa, in an sami makuba a gama da ita. Daga ciki a shafa farar ƙasa, tana barin katanga ta sha iska. In zauren yana da zanen gargajiya a fuskarsa irin na gidajen Birni, a nemo wanda ya iya ya farfaɗo da shi, kada a shafe.

Ga lissafi don kada a cuce ku. Buhun siminti mai kilo 50 da baro biyu na yashi yana yaɓe kusan murabba'in mita 10 a kaurin santimita ɗaya da rabi. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana bakwai, a jira mako uku zuwa huɗu kafin fenti. Ɗaki mai mita 4 a kan 4 da tsayin mita 3, in an cire ƙofa da taga, katangarsa kusan murabba'in mita 44 ce. Shafa biyu na fentin ruwa zai ci lita 10 zuwa 12, sabon yaɓe ya fi haka sha. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa Nuwamba. A zafin Afrilu da Mayu yaɓe na bushewa kafin ya kama, sai ya yi tsattsage, ga ruwan aikin ma da tsada.

Hajiyar Sabon Gari:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai abin da maza ke wucewa a kai, alhali in mai saye ya zo da uwargida nan za ta nufa kafin ta leƙa ɗaki: famfo, madafa, masai.

Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Don haka tambayar farko ita ce, ruwa na zuwa? Ƙarfe nawa? Da bazara fa? Ku faɗi gaskiya, don za a tambayi maƙwabta da ƴan garuwan layin. Gidan da ke da wurin ajiyar ruwa ya fi gidan da ke da sabon fenti daraja. In kuɗi ya ragu, tankin lita 1000 a kan dakalin siminti ya fi karo amfani nesa ba kusa ba. A tuna in ya cika nauyinsa tan guda ne, kada a ɗora shi a kan rufin azara ko katangar ƙasa. Sannan a gwada bututu: a rufe duk famfunan gidan lokacin da ruwa ke nan, a tsaya a kan kontar, wato mitar ruwa, minti goma. In tana juyawa, akwai yoyo a ƙarƙashin ƙasa, wataƙila ma shi ke jiƙa tushen katangar da Malam magini ya yi magana a kai.

Masai in ya kusa cika a kwashe shi mako biyu kafin a fara kawo mutane. A sa masa bututun iska mai faɗin milimita 110, ya zarce rufin da rabin mita, a ɗaure bakinsa da ragar sauro. Wari zai bi ta sama, ƙudan da suka bi haske kuma su maƙale a ragar. A duba daɓen bakin ramin ko ya tsage.

Madafa kada a shafa mata fenti a kan baƙin hayaƙi, cikin kwana kaɗan zai huda ya fito rawaya-rawaya. A kankare, a wanke da ruwan zafi da sabulu, ta bushe tukuna. Tsakar gida a fitar da tarkace, tsofaffin tayoyi, fasassun tukwane, guntayen bulo. In ana kiwo, a kwashe takin turke har ƙasa a zuba sabon yashi. In akwai itace mai inuwa kada a sare, a rage rassan da suka hau rufi kawai. Inuwa a Damagaram kuɗi ce.

Ranar da za a zo gani, a buɗe tagogi tun da safe, a sa ƙwan fitila mai aiki a kowane ɗaki, a shafa wa ƙyauren da ke kuka mai, makullai duka su kasance a hannu. Ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓata, mai saye zai ɗauka nan matsalar take. Turaren wuta kaɗan ya isa; in ya yi yawa sai a yi zaton damshi ake rufewa. Hoton da za a tura ta WhatsApp ko Facebook a ɗauke shi da hantsi, daga kusurwar ɗaki, ba mutane a ciki. Kada a taɓa tura hoton takardun gida ga wanda ba a sani ba. Da lambobin da ke jiki macuta ke buga ta jabu.

Ɗan Zango:

Allah ya saka da alheri. Saura abu uku. Ɗaya daga cikin magada yana Agadas, akwai kuma yara biyu da ba su balaga ba. Sannan akwai ɗan haya a ɗakunan kwanon. In kuma tsagar ta nuna tushe ne, kuɗinmu ba zai isa ba; in mun yaɓe mun yi shiru fa?

Malamin Zaure:

Ɗan'uwa, na ƙarshen nan kada ku kusance shi. Ɓoye aibin da mai kaya ya sani haramun ne a ciniki, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke bi mai saye na da haƙƙi in ya gano tsohon aibi da aka rufe masa: ko a rage masa kuɗi gwargwadon aibin, ko in babba ne ya mayar da gidan. Ka duba halin da za ku shiga in hakan ta faru bayan an raba kuɗi kowa ya kashe nasa. In ba ku iya gyarawa, ku bar tsagar a buɗe, ku sa magini ya rubuta abin da gyaran zai ci, ku nuna wa mai saye, a rubuta a takardar ciniki cewa ya gani ya yarda. Haka kuma kada a sa wani ya zo yana taya gidan da tsada alhali ba saye zai yi ba, don a zuga mai saye na gaskiya. Wannan ma shari'a ta hana.

Na Agadas ya aiko da wakilci a rubuce wanda hukuma ta buga wa hatimi, da sunan wanda ya wakilta da abin da ya wakilta shi a kai. Saƙon murya a waya ba ya tsayawa a gaban alƙali. Rabon yaran kuwa, ba kowane babba a gida ke da ikon sa hannu a madadinsu ba. Ku je kotu a fitar da takardar magada, a tabbatar da wanda ke tsaya musu, a kuma san inda za a ajiye kasonsu.

Tun da gidan bai rabu ba, ku fara yi wa junanku tayi. In wani cikin magada na so kuma yana da hali, a sa masa kuɗin da aka tsayar. Abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya biya kuɗin ya karɓi kason, in aka sayar da wani kaso ga bare ba da yardarsa ba, to gara kowa ya faɗi matsayinsa a rubuce kafin a kai gidan kasuwa. Ranar biya, kuɗi ya bi ta banki, a sa hannu a gaban noter, wato jami'in da ke tabbatar da takardun ciniki, ko hukumar da ta dace, da shaidu daga ɓangarorin biyu.

Dillalin Dole:

Batun ɗan haya, ku sanar da shi da bakinku kafin ya ji a waje, ku ba shi wa'adi a rubuce gwargwadon yarjejeniyarku, ku lissafa kuɗin da ya biya gaba da na ajiya a mayar masa. Ɗan hayan da aka mutunta shi zai buɗe wa mai saye ƙofa ya yi masa bayani mai kyau. Wanda aka yi wa ba-zata zai lissafa masa aibin da ma babu. Ku tsayar da ranaku biyu a mako na zuwa gani, da sa'a sananniya, saboda iyalinsa. Kada kuma ku yi gaggawar fitar da shi. In mai sayen gidan haya yake nema, ɗan haya mai biya a kan lokaci ƙari ne a gare shi, sai ku nuna masa rasit na watannin baya. In kuwa mai shiga da iyali ne, a rubuta ranar miƙa makulli a takardar ciniki, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun noter har ranar.

Daga jika 500 ɗin, ku fara cire na takardu da mai awo da bashin wuta da ruwa ku ajiye gefe, kada magini ya taɓa shi. Ku manna simintin gwajin tsagar yau, don mako huɗun su riƙa tafiya yayin da kuke zirga-zirgar meri da kotu.